Sayen Tsohuwar Katafila Domin Sharar Gona a Yankin 'Yankwashi da Maƙwabtanta

An tanadi wannan bayani domin manoma, ƙungiyoyin gama kai, masu riƙe da sarautun gargajiya da jami'an sashen aikin gona da na ayyuka a ƙananan hukumomin 'Yankwashi, Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura. Ya shafi tambayar da kan taso a duk lokacin da dillali ya zo da labarin wata tsohuwar katafila da ake sayarwa da rahusa a Kano, Kaduna ko Legas: shin a saye ta domin sharar sabuwar gona da tumɓuke kututture, ko kuwa a yi haya, ko ma a bar aikin ga gatari da diga?

Abin da ake kira katafila a nan shi ne injin da ke tafiya a kan sarƙar ƙarfe maimakon taya, mai faffaɗan faranti a gaba na ture ƙasa, wani lokaci kuma da ƙugiya a baya ta farke ƙasa mai tauri. Sunan ya samo asali daga kamfanin Caterpillar na ƙasar Amurka, amma Bahaushe na kiran kowace iri da shi, ko ta Komatsu ce ta Japan, ko Shantui ta ƙasar Sin. Waɗanda aka fi gani a hannun 'yan kwangila a arewacin Nijeriya sun haɗa da D6D, D7G da D8K, dukkansu samfurin da aka fara ƙerawa tun a shekarun 1970. D6D na da ƙarfin doki 140, D7G na da 200 kuma nauyinta ya kai kimanin tan 20, D8K kuwa na da 300 da nauyin da ya haura tan 30. Ke nan mai saye ya san cewa abin da ake tallata masa zai iya girmar direban da zai tuƙa shi.

Yanayin ƙasar yankin

Kafin a dubi injin, ya kamata a dubi gonar. Mafi yawan ƙasar wannan yanki an daɗe ana nomanta, kaka da kakanni, kuma babu sauran ƙurmin daji irin na kudancin Kaduna ko Neja wanda zai gagari hannu. Abin da ake kira saura ko sabuwar gona a 'Yankwashi ko Gwiwa galibi sabara ce da kalgo da geza da magarya, sai ɗaiɗaikun manyan itatuwa kamar gawo, kuka, tsamiya, ɗorawa, kanya da aduwa. Irin wannan fili magidanta kaɗan na iya sassabe shi cikin 'yan kwanaki, ta hanyar gayya ko ƙwadago, a kan kuɗin da bai kai na kawo katafila daga Kano zuwa bakin gonar ba.

Ta ɓangaren Ɓaɓura, har zuwa kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, ƙasar jigawa ce mai rairayi. Ƙarfinta duka yana cikin 'yar fatar da ke sama, wadda ba ta wuce taƙi guda ba a wurare da dama, kuma ita ce ta tara takin shekara da shekaru. Farantin katafila ba ya bambance kututture da wannan fata. Duka yake kankarewa ya tara a gefen gona. Abin da ya saura iskar hunturu da ta bazara su kwashe shi, manomi ya wayi gari da fako. A Kazaure da Roni kuwa akwai tuddai da duwatsu da tsakuwa da marmara kusa da sama, inda ruwan damina ke gangarowa da ƙarfi. Idan aka tuɓe wa gangare saiwoyin da ke riƙe da shi, kwazazzabo ne zai biyo baya, kuma sau da yawa gonar maƙwabci da ke ƙasa ce za ta fara ɗanɗana kuɗarsa.

Wannan ba zato ba ne. Binciken da masanin ƙasa Rattan Lal ya jagoranta a cibiyar IITA da ke Ibadan, a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, ya gwada hanyoyin sharar daji daban-daban. Sakamakon ya nuna cewa sharar hannu ce ta fi barin ƙasa da lafiyarta, kuma zaizaya ta fi muni a inda injin ya ture itatuwa ya tone saiwoyinsu. Farantin da ke yanke itace daidai da ƙasa ya bar saiwa a ciki ya fi sauƙin ɓarna. Ƙasar Ibadan daban ce da tamu, ta fi samun ruwa da ganye, to idan can abin ya yi illa, a ƙasar da damina ba ta cika wuce wata huɗu ba sai abin da ya ƙaru.

Maƙwabtanmu na tsallaken iyaka sun bi wata hanya dabam. Tun daga shekarar 1983 aka fara yaɗa abin da ake kira sassaben zamani a jihar Maraɗi, wato manomi ya bar kututturen da ke tofo, ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya raine su, ya sassabe sauran. An ƙiyasta cewa wannan dabara ta mayar da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar, kuma duk wanda ya bi ta Magarya ko Matamaye a jihar Damagaram ya ga yadda gawo ya cika gonakin gero. Gawo na kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi da rani. Kututturen da wani ke neman biyan kuɗi a tumɓuke masa, wani dukiya ya ɗauke shi.

Duk da haka akwai ayyukan da hannu ba ya iyawa. Yashe tafki ko ƙaramin dam da ya cike, haƙa sabon tafkin shayar da dabbobi, baje filin noman rani domin ruwa ya bi ko'ina daidai, fasa hanyar karkara, cike kwazazzabo, da tumɓuke manyan kututture a filin da za a riƙa shigar da tarakta da injin girbi, duk waɗannan aikin katafila ne. Wanda ke da irin wannan aiki shi ne ya cancanci ya zauna ya yi lissafin da ke tafe.

Lissafin saye da na haya

Kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da tsohuwar katafila za ta ci wa mai ita. D7G na shan kimanin lita 30 ta man gas a awa guda idan tana aiki sosai, wato aikin awa 8 ya fi durom guda. A shekarar 2024 litar man gas ta haura naira 1,000 a Nijeriya. Kusan dukkan kayan gyaranta daga waje ake shigo da su, kuma farashinsu ya bi dala tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023. Bugu da ƙari katafila ba ta hawa kwalta da ƙafarta, domin sarƙar za ta farfasa titi kuma tafiya mai nisa na cinye ƙafar. Duk inda za ta sai an ɗauko babbar tirelar da ake kira lobed, a biya zuwa a biya dawowa, a kuma tabbatar cewa kwalbatocin da ke kan hanyar ƙauyen za su ɗauki nauyin.

Akwai kuma kuɗin da ke gudana ko injin ya tashi ko bai tashi ba: albashin direba da yaron mota da mai gadi, batiran da ke mutuwa saboda zama, faɗuwar darajar injin, da ribar da kuɗin zai kawo da an sa shi a kiwo ko ajiyar hatsi. A ɗauka, a misali kawai, cewa waɗannan sun kama naira miliyan 12 a shekara. Idan katafilar ta yi aikin awa 1,000, kowace awa ta ɗauki naira 12,000 kafin a zuba mai. Idan kuwa awa 200 kaɗai ta yi, kowace awa ta ɗauki naira 60,000. Mai karatu na iya sa alƙaluman da ya samu a kasuwa a madadin waɗannan, ya kwatanta da abin da masu haya ke karɓa a yini. Abin da ba ya canzawa shi ne cewa yawan awannin aiki ne ke raba riba da asara.

A nan ne manomi ɗaya ke faɗuwa. Sharar gona aiki ne na sau ɗaya. Gonar da aka share bana ba za a sake share ta baɗi ba. Ko mai hekta 50 ne, aikinsa zai ƙare cikin 'yan makonni, daga nan sai injin ya zauna a ƙofar gida yara su mai da shi wurin wasa. Wasu kan ce za su riƙa ba da haya su mayar da kuɗinsu. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, tana buƙatar sanin 'yan kwangila, bin bashi, da haƙurin kwana a daji tare da bakanike. Wanda bai shirya barin noma ya koma wannan sana'a ba, haya ta fi masa.

Tarihi ya ajiye misali babba. A shekarar 1947 gwamnatin Ingila ta fara shirin noman gyaɗa a Tanganyika, wadda yanzu take cikin Tanzaniya, da niyyar share eka sama da miliyan 3. Da yake sababbin injuna sun yi ƙaranci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka sayo tsofaffin katafilolin da sojojin Amurka suka bari a tsibiran Filifin, aka kuma mayar da wasu tankokin yaƙi taraktoci. Kafin a je ko'ina yawancinsu sun tsaya, babu kayan gyara, babu isassun makanikai, busasshiyar ƙasar Kongwa kuma ta cinye ƙarafan. An watsar da shirin a 1951 bayan asarar fam miliyoyi. A nan gida ma shirin noman injin da aka buɗe a Mokwa a 1949 bai wuce 1954 ba. Waɗannan gwamnatoci ne masu baitulmali, ba manomin da ya sayar da shanunsa ba.

Abin da za a duba idan an yanke shawarar saye

Tsohuwar katafila na da nata alherin, kuma adalci ne a faɗe shi. Samfuran shekarun 1970 da 1980 ba su da kwamfuta, makanikan Kano sun san cikinsu da bayansu, suna jure man da bai cika tsabta ba, kuma ana samun kayansu sababbi da na hannu. Amma sai an tarar da mai sauran rai. Kada mai saye ya je shi kaɗai, kuma kada ya dogara da bakaniken da dillali ya kawo, domin mai jiran la'ada ba ya ganin aibi. Ya ɗauki nasa bakaniken manyan injuna ya biya shi kuɗin yininsa, ko an saya ko ba a saya ba.

Ƙafa ita ce farkon abin dubawa, ba inji ba, kuma ba fenti ba. Masu ƙera waɗannan injuna da kansu na cewa ƙafar na iya cin kusan rabin kuɗin gyaran katafila a tsawon rayuwarta, rairayi da tsakuwa irin namu kuwa kamar magagari suke a gare ta. A dubi haƙoran babbar giyar da ke jan sarƙa: idan sun yi tsini ko sun karkace gefe ɗaya, sun ƙare. A shafa ƙusoshin da ke haɗa sarƙar da kwanson da ke kansu a ji ko sun lafe, a tambaya ko an taɓa juya su, domin sau ɗaya ake juyawa. A dubi rololin ƙasa da na sama ko suna yoyon mai ko sun daina juyawa. A lura da abin ɗaure sarƙa: idan an tura shi har ƙarshe amma sarƙar na nan sako-sako, ta miƙe ke nan, kuma wasu masu sayarwa kan cire gaɓa ɗaya domin ɓoye hakan, saboda haka a ƙirga gaɓoɓin ɓangarorin biyu a gwada da adadin da ya kamata. Katafilar da injinta ke ƙara lafiya amma ƙafarta ta mutu na iya buƙatar gyaran da ya kusa kuɗin sayenta.

Inji kuwa a nemi a tayar da shi da sassafe yana sanyi, a gaban mai saye. Wanda aka tarar an riga an ɗumama shi akwai abin da ake ɓoyewa. Hayaƙi shuɗi alamar ƙona baƙin mai ne, fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi na iya nufin ruwa na shiga, baƙi mai yawa kuma na nuna matsalar nozul ko toshewar iska. A zaro sandar auna baƙin mai: idan ya yi kalar madara, ruwa ya gauraya da shi. A buɗe lagireto tun inji na sanyi, a tayar, a ga ko kumfa na tasowa. Bayan haka a sa ta ture ƙasa na akalla awa guda, domin yawancin cututtukan giya da na sitiyari ba sa fitowa sai mai ya yi zafi. Ta juya dama da hagu daidai wa daida, ta shiga kowace giya gaba da baya ba tare da jinkiri ba. A danna faranti ƙasa har gaban injin ya ɗaga, a bar shi haka. Idan ya riƙa sauka da kansa, akwai yoyo a cikin haidurolik. A kwance ƙusar zubar da mai ta giyar ƙarshe da ke bayan kowace ƙafa a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe. A kuma bi gangar jikin da tocila a nemi tsagewa da sabon walda da aka shafe da fenti.

Agogon da ke ƙirga awannin aiki ba abin dogaro ba ne a injin da ya shekara 40, domin an sha canza shi. Lambar da aka buga a jikin shasi da ta inji sun fi shi gaskiya. Da ita wakilin kamfanin, wanda a Nijeriya shi ne Mantrac ga injunan Caterpillar, zai iya faɗin shekarar da aka ƙera ta da kayan da suka dace da ita, kuma akan ɗebi man injin a kai ɗakin gwaji a gano irin ƙarfen da ke cinyewa a ciki. Kafin a biya, yana da kyau bakanike ya zaga Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da sauran masu sayar da kayan manyan injuna ya tambayi farashin rola, haƙoran giya, nozul da famfon ruwa na wannan samfurin. Idan amsar ita ce sai an aiko daga Legas ko daga waje, a tuna cewa kowace lalacewa za ta zama zaman makonni, aikin share fili kuwa daga ƙarshen kaka ne zuwa faɗuwar ruwa.

Takardu su ne na ƙarshe amma ba a wasa da su: rasidin asali, takardun kwastan idan daga waje aka shigo da ita, da yarjejeniyar ciniki mai ɗauke da lambar shasi da sa hannun shaidu. Idan gwanjon wata ma'aikata ce ko kamfanin gine-gine, a ga takardar da ta ba da izinin sayarwa. Injin da ke da bashin banki a kansa ko rigimar gado na iya komawa hannun masu shi bayan an gama kashe masa kuɗi.

Doka da haƙƙin jama'a

Mallakar katafila ba izinin share fili ba ne. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakar gargajiya a filayen karkara, kuma ba ta da ikon ba da fiye da hekta 500 domin noma ko hekta 5,000 domin kiwo sai da amincewar Gwamna. Dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike kafin a mayar da daji mai faɗin hekta 500 ko fiye gona. Gandun daji na gwamnati, makiyaya, burtali da mashaya ba a taɓa su, sare manyan itatuwa masu amfani kuma sai da sanin malamin daji. Jigawa na cikin jihohi 11 da ke bakin hamada waɗanda shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, don haka ba daidai ba ne a riƙa dasa itace a gefe guda ana ture wanda ya shekara 50 a ɗaya gefen.

Kafin injin ya shiga, mai unguwa ko dagaci da maƙwabtan gona su zaga iyaka tare, a kafa alama, a shafa wa itatuwan da za a bari fenti ko a ɗaura musu ƙyalle. Katafila na shafe iyakar da aka gada cikin minti kaɗan, shari'ar da za ta biyo baya kuwa ta ɗauki shekaru. Dattawan gari su nuna inda kufai, tsohuwar maƙabarta da matattun rijiyoyi suke, domin rijiyar da ta rufe da ciyawa na iya haɗiye gefen injin mai tan 20. A umarci direba ya ɗaga faranti kaɗan daga ƙasa, ya yi aiki lokacin da ƙasa ta bushe domin kada ta danƙare, a gangare kuma ya bar layukan ciyawa da itatuwa a gicciye. A hana yara matsowa, kuma kada a karɓi injin da ba shi da rumfar ƙarfe a kan mazaunin direba, saboda faɗowar reshe da kifewa.

Ga majalisun ƙananan hukumomi

Ƙaramar hukuma ta fi manomi ɗaya yawan aikin da zai ci awannin katafila, tun daga hanyoyin karkara har zuwa tafkuna, don haka lissafin na iya yi mata daidai. Inda abin kan lalace shi ne kasafi: a ware kuɗin saye, a manta da na mai, gyara da lobed, sai ƙaramar lalacewa ta farko ta kwantar da injin a harabar sakatariya har ciyawa ta fito ta cikin sarƙarsa. Sashen ayyuka ya fara kawo jerin ayyukan shekara da awannin da kowanne zai ci, a sami rahoton injiniya a rubuce kan lafiyar injin, a bi ƙa'idojin Hukumar Tantance Kwangiloli ta jiha, a kuma buɗe littafin da za a riƙa rubuta awanni, man da aka sha da kuɗin hayar da aka karɓa. Idan awannin ba su kai ba, ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka, kamar 'Yankwashi da Kazaure da Roni da Gwiwa, na iya tsara ayyukansu a lokaci guda su ɗauki haya tare, su raba kuɗin lobed.

Manomi ko ƙungiyar da ke son a duba mata fili kafin ta yanke shawara na iya tuntuɓar malamin gona na hukumar JARDA da ke yankinta, ko sashen aikin gona da albarkatun ƙasa na ƙaramar hukuma, wanda ga mutanen 'Yankwashi yake a sakatariyar da ke Karkarna. A je da bayanin faɗin filin, irin itatuwan da ke cikinsa, abin da ake niyyar shukawa, da takardar shaidar mallaka ko wasiƙar dagaci.